Jirgin Alhaji Yana Jiran Iskar Bazara

Wata safiyar Talata a tsakiyar Janairu, hazon hunturu ya lulluɓe kogin Kwara a Yelwan Yawuri, har mutum ba ya iya hango tsallake. Baba Basarke, wanda ya shekara 40 yana sana'ar fito da kamun kifi a wannan ruwa, ya hura wuta a bakin kwata ya ɗora gwangwanin kwalta, ga tarin tsumma da ƙusoshi a gefensa. Kusa da shi Malam Ɗanboko ne ke jin ɗumi. Shi ma yana da ɗan kwalekwale, sai dai ilimin ruwan da ke cikin wayarsa ya fi wanda ke tafin hannunsa yawa. Suna nan zaune sai ga Alhaji Bakano, wanda ya sayi jirgi bara don jigilar albasa, ya nufo su da ƙafa, ya naɗe kunnuwa da rawani.

Baba Basarke: Alhaji, barka da asuba, barka da sanyi. Yau mako uku ke nan rabon da in ga jirginka a kwata, har na fara zargin ko ka sayar da shi ne a ɓoye don kada mu nemi la'ada.

Alhaji Bakano: Baba, jirgina yana nan lafiya ƙalau, kuma tun da na saye shi bai taɓa faranta mini rai kamar a makonnin nan uku ba, domin ko ɗigon fetur bai sha ba.

Baba Basarke: A iya sanina, jirgin da ba ya shan mai kuma ba a ganinsa a kwata, ko dai yana ƙarƙashin ruwa ko kuma yana kan tudu. A wane aji naka yake?

Alhaji Bakano: Ka yi haƙuri in ɗauko maka zancen daga tushe. Kai shaida ne cewa tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma har yau ba ta koma gidan jiya ba. Injina Yamaha ne mai doki 40, kuma dawakan nan 40 ba sa cin ciyawa, ba sa cin dusa, sai fetur gauraye da baƙin mai, ga shi ko ɗaya daga cikinsu ba na iya hawa ranar Sallah. Ina cikin wannan takaici ne Malam ya nuna mini hoton jiragen Turawa a wayarsa, suna gudu a teku ba inji, ba gora, ba filafili, sai wani farin ƙyalle da iska ke turawa. Na tambaye shi nawa ake sayar da iskar, ya ce kyauta ce. Baba, tun da nake kasuwanci kunnena bai taɓa jin kalma mai daɗin wannan ba.

Malam Ɗanboko: Ranka ya daɗe, ina so a shaida cewa ko rabin bayanin ban kai ba Alhaji ya miƙe, wai ya bar mai saye a shago.

Alhaji Bakano: Rabin da na ji ya ishe ni, domin na san ragowar kuɗi za ta ci. Na tattara tsofaffin buhunan gishiri 12 na kai wa tela ya haɗe su, na kafa doguwar gora a tsakiyar jirgi na ɗaura su, sannan na cire injin na kulle shi a ɗaki don kada ya ga kishiyarsa ya yi yaji. Na loda albasa buhu 30, na nufi Rofiya da ke tsallaken kogi.

Baba Basarke: Ashe kai ne! Jikokina sun rugo gida suna haki, suka ce sun ga shanya tana tafiya a kan ruwa ita kaɗai, har na sa aka yi musu tofi.

Alhaji Bakano: Ai tafiya ce ta sarauta. Iska ta cika buhuna, jirgi ya miƙe kamar an harba kibiya, ina zaune a kan albasa ina ɗaga wa masu inji hannu, ina lissafa litar da kowannensu ke ƙonawa. Abu ɗaya kawai na gano a tsakiyar ruwa, wato ƙyallen nan ba shi da birki, kuma ba ya jin kira.

Baba ya ajiye sandar da yake motsa kwalta da ita. Duk wanda ya san shi ya san ba ya ajiye sandar nan sai zance ya kai zance.

Baba Basarke: Alhaji, ka yi sadaka, ko da yake na san nauyin abin da na ɗora maka. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya taso ya haɗiye garuruwa da gungaye da gonaki, itatuwan da ya haɗiye kuwa kututturansu suna nan tsaye a ƙasa suna jiran irinka. Kuma yanzu lokacin baƙin ruwa ne. Farin ruwa shi ne na daminarmu, mai laka, wanda ke zuwa wajen Agusta da Satumba. Wannan kuwa ruwan sama ne da ya sauka a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, bai iso mana ba sai da sanyi ya kama. Shi ya sa kogi ke cika alhali ko gajimare babu a sama. Kututturen da kake gani ka kauce masa da bazara, yanzu yana ɓoye kamu ɗaya a ƙarƙashin ruwa, kai kuma ka bi ta kansa a cikin hazo da shanya a gaban idonka.

Malam Ɗanboko: Tarihi ma ya goyi bayanka, Baba. Bature Mungo Park ya harhaɗa tsofaffin kwalekwale ya yi jirgi a ƙasar Mali a 1805, ya gangaro ya wuce Yawuri, amma a duwatsun Busa ya hallaka a 1806, wurin da yanzu tafkin ya rufe.

Alhaji Bakano: Shi wannan Baturen albasa ya ɗauko?

Malam Ɗanboko: A'a, ƙarshen kogin yake nema.

Alhaji Bakano: To ka ga bambancinmu ke nan. Ni na isa, na sayar, na ƙirga kuɗina sau uku. Matsalar ba ta taso ba sai da na juya jirgi zan dawo gida. Na ɗaga buhuna, iska ta mayar da ni gaci. Na sake turawa, ta sake mayar da ni, har yaran garin suka taru suna ƙirga mini. Na ce wataƙila ba ta gama harkokinta a can ba ne, bari in jira ta. Kwana huɗu ina kwana a cikin jirgi ina jiran ta juyo, ita kuwa ko alamar kunya babu.

Malam Ɗanboko: Wannan shi ne rabin da ka ƙi saurara. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, daga Sahara, kuma haka za ta yi ta yi har sanyi ya wuce, don haka ta kai ka, amma ba za ta dawo da kai ba. Jirgin Bature da ka gani yana da wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa, kamar ƙayar bayan kifi da aka juyar ƙasa, wanda ke riƙe ruwa ya hana iska tura jirgin a kaikaice, ya kuma hana shi kifewa. Duk da haka ba ya fuskantar iska kai tsaye. Karkacewa yake yi da kamar digiri 45, ya yi dama, ya juya ƙyalle ya yi hagu, yana tafiyar maciji har ya isa inda ya nufa. Naka jirgin kuwa gindinsa a shafe yake kamar faranti, duk inda aka hura shi can zai tafi.

Alhaji Bakano: Nawa ne ƙarfen?

Malam Ɗanboko: Zai fi kuɗin man shekara guda.

Alhaji Bakano: Ka ji dalilin da ya sa na miƙe ran nan. Wani dattijo a can ya gaya mini cewa iska za ta juyo daga kudu maso yamma idan damina ta kusa, wajen Afrilu ko Mayu. Na yi lissafi na ga wata huɗu ba wani abu ba ne a wurin mai haƙuri, sai na shigo jirgin fito na dawo, bayan na yi ciniki an rage mini kuɗin saboda na taya su kwarfe ruwa.

Baba Basarke: Madalla. Wa ka bar wa jirgin ya riƙa duba maka ɗaurinsa a ruwa?

Alhaji Bakano: Wane ruwa kuma? Ai a nan na yi amfani da ɗaya ilimin na Malam. Ya taɓa nuna mini yadda Turawa ke fitar da jiragensu daga ruwa idan sanyi ya zo, su ɗora su a kan itace su huta. Na sa yara suka ja shi can kan yashi, inda rana da iska za su same shi sosai ya bushe.

Baba ya dubi Malam, Malam ya dubi wuta. A ganina wannan shi ne karo na farko da aka ga wayar Malam ta koma aljihu ba tare da cajinta ya ƙare ba.

Malam Ɗanboko: Na faɗi haka, amma zancen Suwidin da Finlan da Kanada nake yi, inda ruwa ke daskarewa ya zama ƙanƙara. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kamar kashi 9 cikin 100, sai ya matse jirgi, ya fasa bututun inji. Shi ya sa suke fitar da shi, su tsiyaye ruwan injin, su kankare gindin su shafa fenti mai hana gansakuka da ƙananan halittun ruwa mannewa, su rufe da tamfol har sanyi ya wuce.

Baba Basarke: To, Alhaji, yaushe rabonka da ganin ƙanƙara a Kwara, in ban da wadda ake sayarwa a leda da azumi? Sanyinsu jiƙa yake yi, namu busarwa yake yi. Dubi leɓenka, dubi dugaduganka, yadda hunturu ya tsattsaga su alhali kana shafa musu man kaɗe. Haka yake yi wa katako. Jirgin katako da ruwa yake rayuwa, domin ruwan ne ke kumbura allunan su matse juna. Ni da nawa ke cikin kogi dare da rana, safe da yamma sai na watsa wa gefensa na sama ruwa, kuma ga ni nan ina dafa kwalta, domin duk inda haɗi ya buɗe sai na cusa tsumma da dasasshen ƙarfe, in bi da kwalta mai zafi, inda tsagar ta yi faɗi kuma in buga masa ƙyallen kwano da ƙusa. Nawa ke nan na maɗaci. Naka kuwa, da na ce ka sayi na maɗaci ko na itacen kawo, cewa ka yi farin katako ya fi kyan gani, alhali kyan farashi ka gani.

Suna cikin haka jirgin fito ya tsaya, Jauro ya sauko yana riƙe da sandarsa da hannu biyu, bai buɗe ido ba sai da ya ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Jauro: Salamu alaikum, Baba. Daga tsallake nake, kuma ba don larura ba da ba abin da zai hau da ni kan ruwa. Ina neman bawan Allahn da ya ajiye wani babban komi a kan yashin Rofiya. Shanuna 50 sun yi mako biyu suna cin dusa a cikinsa, ban taɓa ganin komi mai albarka irinsa ba.

Alhaji Bakano: Ka zo wurin da ya dace, Jauro, domin ni ne mai shi. Shanu 50, kwana 14, ko naira 100 aka sa wa kowace a yini, kuɗin haya ya kama naira 70,000, amma saboda zumunci zan yafe maka kuɗin tsayuwa.

Jauro: Alhamdu lillahi da na same ka. Ƙorafina biyu ne. Na farko, komin ba ya riƙe ruwa, ko tulu goma aka zuba sai ya bi ta ƙasa, har kaji na leƙen juna ta tsagoginsa. Na biyu, tutar gishirin da ka kafa a tsakiya, shanu sun lashe ta har sun cinye, yanzu babbar nagge tana kwance ciki a kumbure, malamin dabbobi ya ce sai an tsaga ta an ciro buhu. Shi ne na zo a gaya mini wanda zai biya.

Alhaji Bakano: Jauro, da ka bar ni na gama magana. Cewa na yi ni ne mai komin, wato daga katako zuwa ƙasa. Abin da ke sama da katako kuwa, dabara ce, mai dabarar kuma ga shi nan zaune yana jin ɗumi.

Amma Malam bai ji wannan ba. Ya riga ya matsa kusa da Baba, ya rage murya, yana nuna gwangwanin da ke kan wuta.

Malam Ɗanboko: Ranka ya daɗe, idan kwaltar nan ta yi saura, nawa za ka sayar mini? Akwai wani abokina da ya ja nasa kwalekwalen bayan gida ya kife shi a rana.

Baba Basarke: Tun yaushe abokin naka ya ja shi?

Malam Ɗanboko: Tun farkon Nuwamba.

Baba Basarke: Tun Nuwamba? Ka ce wa abokin naka ya bar zancen kwalta. Ya aiko yara da shi yanzu, su haɗo da gatari, wutar nan ta fara ja da baya.