Ɓarawo na biyu ya fi na farko rashin imani

Jama'a ku yi haƙuri yau rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya min a maƙoshi tun ranar Juma'a, na ce gara in amayar da shi ko na samu in yi barci.

Ina da wani ƙani, ɗan baffana, a nan Birnin Kebbi, ba zan faɗi unguwa ba don kar a gane shi. Yaron kirki ne, noman rani yake a fadama. Harkar kirifto, kuɗin intanet ɗin nan, ya shigo ta ne ta ƙofar da yawancin yaranmu suka shigo, wato mainin, danne-dannen waya don a tara kirifto kyauta. Kun tuna da Notcoin ta fashe, wato ta shiga kasuwa aka fara sayar da ita, a watan Mayun 2024 aka ga wasu sun ɗan dangwali arziki, sai gari ya rikice, mai shayi na dannawa, mai faci na dannawa, har iyayenmu mata aka buɗe wa Hamster Kombat, wadda da ta tashi fashewa a watan Satumba wani ko kuɗin datarsa bai mayar ba. To amma ɗanɗanon ya riga ya shiga baki. Ana nan sai wani ya jawo shi wani shafi na zuba dala ka riƙa kwasar riba kullum, ya sayar da shanshera buhu goma sha biyu ya sayi USDT, kirifto mai darajar dala, ya zuba. Sati uku yana kallon lamba na hawa a waya, har an bar shi ya ciri ɗan wani abu sau ɗaya don ya saki jiki. Sati na huɗu shafin ya daina buɗewa.

Wannan kam tsohon labari ne, tun MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016 muke jin irinsa. Abin da ya biyo baya ne ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu.

Yaron nan bai faɗa wa kowa a gida ba. Sai ya shiga wani gurup a Facebook ya rubuta cewa don Allah an cuce shi, wa zai taimaka masa. Kafin sallar isha'i mutum uku sun bi shi inbos. Ɗaya hoton mace ce da hijabi, kuma da Hausa ta rubuto masa, wai ita ma haka aka yi mata amma wani bawan Allah ya dawo mata da kuɗinta tas, ga lambarsa ta Telegram. Ya ce min wallahi Hausar nan ce ta sa ya yarda. Shi kuma “bawan Allahn” hotonsa cikin kwat da wando, ga wani satifiket mai tambari, wai kamfaninsu na ƙwato kuɗin da aka sace ne, suna aiki da Interpol. Ya ce a turo masa adireshin walet, wato asusun kirifto. Bayan minti ashirin sai ga sikirinshot, ga ranar da aka tura kuɗin, ga adadinsu daidai ba ragi, ga walet ɗin da suka shiga. “Mun gano kuɗinka.”

A nan ne dabarar take, kuma a nan nake so sababbin shiga su buɗe kunne. Abin da mutumin nan ya nuna masa ba wani aikin ƙwararru ba ne. Duk kuɗin da aka tura ta kirifto a rubuce yake a wani kundi da kowa a duniya zai iya dubawa kyauta. In USDT ne na layin Tron, ka buɗe shafin Tronscan ka liƙa adireshin, za ka ga komai, yaro ɗan sakandare ma zai yi maka. Mu da muka san satar shanu ai ba sai an yi mana dogon bayani ba: bin sawu daban, ƙwato shanu daban. Za ka iya bin sawun har bakin daji ka ce ga inda suka shiga, to sai me? Kuɗin kirifto in sun fita ba wani manaja da za ka je ofishinsa ya danna su dawo. Mai riƙe da makullin walet ɗin da suka shiga shi kaɗai ke iya motsa su.

Daga nan aka fara tatsa. Dala 50 kuɗin buɗe fayil. Ya biya. Sai aka ba shi wani linki, ya shiga ya ga sunansa da kuɗinsa cif har da ɗoriya, an rubuta suna jiran fitarwa, saura kuɗin gas, wato cajin turawa, dala 120. Kuɗin gas ɗin da ko a gaske bai taka kara ya karya ba, kuma ba wani mutum ake tura wa ba. Nan ya je ya lallaɓi mahaifiyarsa ta ba shi kwasar adashenta, wai zai sayi taki. Ya biya. Sai kuma aka ce ana buƙatar takardar shaida cewa ba kuɗin ta'addanci ba ne. Kun ga dai salon, sak irin na malamin duban da ake kai wa ƙarar sata, yau a kawo baƙin zakara, gobe turare, jibi a ce aljanin ya ƙi sai da rago.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya same ni a shago, ya tsuguna yana ta murza hula a hannu. Ya ce, “Yaya, wanga ne na ƙarshe wallahi, ka ranta min, gobe in kuɗin sun shigo in mayar maka.” Na ce kawo wayar. Na karanta hirar tasu tun daga sama, jikina ya yi sanyi, don a saƙon ƙarshe mutumin har ya fara tambayar kalmomin sirri 12 na walet ɗinsa, waɗanda su ne makullinsa, wai don a haɗa shi da na'urarsu. Na rubuta masa da kaina na ce mun yarda, ka cire ladanka daga cikin kuɗin da ka ƙwato, rabi ma mun yafe maka, ka turo sauran. Ya ce tsarinsu bai yarda da haka ba. Na ce to ka kira mu bidiyo mu ga ofis. Ko minti biyu ba a yi ba hoton kwat ɗin ya ɓace, ya yi bulokin ɗinmu. Ƙanina ya kalli wayar ya kalle ni, ya ce, “Yaya ka ɓata min aiki.” Wallahi haka ya ce. Ban ji haushinsa ba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na zaunar da shi na ce ka san Bybit, babbar kasuwar kirifton nan? A Fabrairun 2025 aka kwashe musu kirifto na kusan dala biliyan ɗaya da rabi, hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta ce 'yan kutsen Koriya ta Arewa ne. Kamfani mai ƙwararru da lauyoyi, duniya na kallon kuɗin suna yawo daga walet zuwa walet, amma mafi yawansu ba su dawo ba, duk da sun sa ladan kashi 10 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, ka ji fa, na abin da aka ƙwato, ba kafin a ƙwato ba. Mt. Gox, wata kasuwar kirifto ta Japan, ta durƙushe a 2014, sai a 2024 aka fara biyan mutane, shekara goma ana shari'a. To wane ne wannan na Telegram da zai yi maka cikin awa 24 a kan dala 50?

Kuma ba mu kaɗai ake yi wa ba, kar wani ya ce rashin boko ne. A Amurka FBI ta fitar da gargaɗi a 2024 kan lauyoyin bogi masu bin waɗanda aka riga aka damfara, ta ce cikin shekara ɗaya sun tatsi sama da dala miliyan 9.9. A nan gida ma da CBEX, wani shafin zuba kuɗi, ta rufe a Afrilun 2025, ai cewa aka yi mutane su sake zuba dala 100 ko 200 na tantancewa kafin su ciri kuɗinsu. Ni a ganina sau da yawa ɓarawo na farko da na biyu duk gida ɗaya suke, ko kuma na farkon ya sayar da lambobin waɗanda ya cuta, don ya san akwai sauran nono.

Amma fa mu ma muna da laifi, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Me ya sa yaron nan ya kai kukansa wurin baƙo bai kawo gida ba? Saboda ya san halinmu. Da ya faɗa a majalisa, da an shekara ana kiransa Alhaji Dala, da an ce kwaɗayi mabuɗin wahala, da har yaran unguwa sun sa shi a waƙa. Shi kuwa ɗan damfara ba ya dariya, cewa yake sannu ɗan'uwa, ba laifinka ba ne, za mu taimake ka. Mu muke kora su da baki, su kuma su tare su da lallashi.

Ba wai babu abin yi sam ba. In ta banki ka tura naira, ka garzaya bankinka a ranar, ba bayan sati ba. Ka adana hira da lambobi da rasit, ka kai ƙorafi EFCC, ofishinsu na Sakkwato ne ke kula da mu nan Kebbi da Zamfara, kuma ba a biyan ko sisi don shigar da ƙorafi. Kamfanin Tether, masu USDT, na iya daskarar da ita, manyan kasuwannin kirifto ma na iya riƙe asusu, amma da buƙatar hukuma ake yi, ba da ta wani mai kwat a inbos ba, kuma ka sa a ranka da wuya su dawo. Wanda ya riga ya ba da kalmominsa, 12 ne ko 24 irin na manhajar mainin ta Pi, ya buɗe sabon walet yanzu ya kwashe abin da ya rage, don tsohon ya zama ɗaki ba ƙofa.

Daren Asabar na raka shi wurin Inna ya faɗa mata gaskiyar inda kuɗin adashenta suka tafi. Ta yi shiru ta daɗe tana jan carbi, sai ta ce to takin fa, da me za a sa wa gonar? Ni na ɗauki nauyin buhu biyu, zai biya ni in an yi girbi.

Jiya da safe ya turo min wani sikirinshot. Sabuwar lamba ce, wannan karon hoton mutum da hular lauyoyi. Wai sun samu labarin wasu 'yan damfara masu ƙaryar dawo da kuɗi sun cuce shi, su aikinsu kama irin waɗannan ne, kuɗin rajista dala 30 kacal.