Ƙaramin garin Jamus da ya cika Turai da sarakuna, da abin da ba a cika faɗa ba

Jama'a duk lokacin da aka kawo labarin garin Coburg sai ka ji ana ta yabo, wai ga gidan sarautar da bai ci ƙasa da takobi ba, da aure kawai ya mamaye Turai. Ni gaskiya wannan yabon yana min ciwo, don an ɗauki rabin labari ne an bar rabi, kuma rabin da aka bari shi ne wanda akwai hawaye a ciki, har da namu na Afirka.

Garin yana arewacin jihar Bavariya, jihar su Bayern Munich ɗin nan, mutanensa yau ba su wuce dubu arba'in da ɗoriya ba. A kan dutsen da ke saman garin akwai tsohuwar ganuwa, Veste Coburg, inda Martin Luther, malamin Kirista ɗan Jamus da ya yi wa cocin Katolika tawaye, ya fake wajen wata shida a 1530. Masarautar kanta, Saxe-Coburg da Gotha, ko murabba'in kilomita 2,000 ba ta cika ba, kuma ba a haɗe take ba, yanki biyu ne da ƙasar wasu a tsakani. Masu sarautar reshe ne na gidan Wettin, wani tsohon gidan sarauta na Jamus, kuma a ƙarshen ƙarni na 18 bashi ya yi musu katutu sosai har sai da aka naɗa kwamiti daga fadar babban sarkin da ke sama da sarakunan Jamus a lokacin yana kula musu da kuɗi. Ba su da soja, ba su da dukiya, abin da suke da shi kawai 'ya'ya ne masu kyau da asali mai tsawo, sai kuma uwa mai dabara, Augusta matar Sarki Franz. To da 'ya'yan nan suka yi jari.

Ku duba yadda abin ya tafi. Ɗanta Leopold ya auri Charlotte magajiyar gadon Ingila a 1816, ta rasu wajen haihuwa a 1817, amma bai koma gida ya zauna ba, a 1831 ya zama sarkin Beljiyam na farko. 'Yar uwarsa ta auri ɗan sarkin Ingila ta haifi Victoria, wadda ta zama sarauniyar Ingila, a 1819. A shekarar kuma aka haifa wa babban wansu Ernst yaro mai suna Albert a gidan Rosenau kusa da Coburg, sai aka yi tuwona maina a 1840, Victoria ta auri ɗan kawunta, suka haifi 'ya'ya tara. Wani ɗan gidan, Ferdinand, ya auri sarauniyar Fotugal a 1836, wani Ferdinand ɗin kuma aka ba shi Bulgeriya a 1887. Jikansa Simeon ma da aka tuɓe yana yaro a 1946 sai da ya dawo ya zama firaminista a 2001. Wannan duk gaskiya ne kuma abin mamaki ne, ban musa ba.

Amma wa ya biya kuɗin? Mata ne suka fara biya. A 1795 sarauniyar Rasha Catherine ta sa aka kai mata 'yan matan gidan guda uku har St. Petersburg don jikanta Constantine ya zaɓa, kamar an kai kaya kasuwa, ya zaɓi Juliane, aka ɗaura aure tana shekara 14. Mutumin mugu ne mai zafin hali, yarinyar nan ta sha wuya har ta samu ta bar Rasha a 1801 ba ta ƙara komawa ba. Amma auren ya riga ya yi aikinsa, ta dalilinsa 'yan uwanta maza suka samu muƙamai a sojan Rasha, ƙofar ta buɗe.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Louise, mahaifiyar Albert. An aurar da ita ga Ernst a 1817 tana shekara 16 shi kuma ya haura talatin, kuma kowa ya san shi da neman mata, bai ma ɓoyewa. Da zaman ya ƙi sai ita aka kora daga Coburg a 1824, Albert yana ɗan shekara biyar, aka raba ta da 'ya'yanta biyu, ba ta ƙara sa su a ido ba har ta mutu a Paris a 1831 tana shekara 30. Kuma ku lura da wannan, Louise 'yar gidan sarautar Gotha ce, gidan da mazansa suka ƙare a 1825, sakin bai tabbata ba sai 1826, shekarar da aka sake rabon ƙasa Ernst ya samu Gotha. Wato sunan nan mai tsawo da ake ta faɗa da alfahari, rabinsa daga gidan matar da aka kora ya fito. Haba jama'a, wannan shi ake kira dabara?

Sai mu zo nan gida. Ɗan Leopold ɗin can, Leopold na biyu, shi ne ya mallaki Kwango a matsayin kayansa na kansa daga 1885 zuwa 1908, bayan taron Berlin da Turawa suka yi kan rabon Afirka. Bai taɓa taka ƙasar ba ko sau ɗaya. Sojojinsa suna tsare mata don mazan su shiga daji neman roba, ƙauyen da bai cika ma'auni ba a ƙone shi, ana yanke hannaye, hotunan suna nan har yau, masana tarihi suna maganar miliyoyin rayuka. Jikan Coburg ne fa. Kuma a 1903 da sojojin Lugard suka shiga Kano a Fabrairu suka shiga Sakkwato a Maris, har aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, sarkin da ke kan gadon Ingila Edward na bakwai ne ɗan Albert, sunan gidansa Saxe-Coburg da Gotha. Na san gwamnati ce ke yanke shawara ba shi ba, ba zan ɗora masa abin da bai yi da hannunsa ba, amma da sunansa aka yi. Saboda haka in wani ya ce min gidan nan bai ci ƙasa da yaƙi ba, sai in ce a Turai kake nufi.

Zumuncin ma da ake cewa auren zai ƙulla bai hana komai ba. A 1914 sarkin Jamus Wilhelm da sarkin Ingila George na biyar duk jikokin Victoria ne, matar sarkin Rasha ma jikarta ce, sarkin Beljiyam da Jamus ta mamaye ɗan gidan ne, na Bulgeriya da ya bi Jamus shi ma ɗan gidan ne, aka yi ta kashe 'ya'yan talakawa shekara huɗu. A 1917 jiragen saman yaƙin Jamus masu suna Gotha suna ruwan bam a Landan, kunya ta sa George ya yar da sunan kakansa ya koma Windsor.

Wanda abin ya fi murɗewa shi ne sarkin Coburg na ƙarshe, Charles Edward, shi ma jikan Victoria ne. A Ingila aka haife shi a 1884, yana makarantar Eton dangi suka yanke cewa shi zai je ya gaji sarautar, ya hau a 1900 yana shekara 16. Yaƙi ya zo ya tsaya da Jamus, a 1918 ya rasa sarauta, a 1919 Ingila ta ƙwace laƙabansa. Ina jin tausayin yaron da aka tumɓuke daga gidansu, wallahi ina ji, amma babban mutumin da ya zama ba ni da uzuri gare shi, da ƙafarsa ya bi Hitler, ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933, ya shugabanci Red Cross ta Jamus a zamanin da ake kashe naƙasassu da marasa lafiya. Garin ma ba a bar shi a baya ba, Hitler ya yi maci a titunansa a 1922, a 1929 ya zama gari na farko a Jamus da 'yan Nazi suka samu rinjaye a majalisarsa. Abin da ya cece su daga baya ƙuri'ar 1919 ce da suka ƙi shiga jihar Thuringia suka haɗe da Bavariya a 1920, shi ya sa bayan 1945 Coburg ta faɗa Jamus ta Yamma, Gotha kuwa ta tafi ta Gabas.

Tambarin garin kuwa kan baƙar fata ne, Maurice, waliyyin Kiristoci da ake cewa sojan Rum ne daga Masar, har a murfin magudanar ruwa za ka gan shi a titi. 'Yan Nazi sun cire shi a 1934 suka sa takobi da alamarsu, aka maido shi a 1945. Yanzu wasu suna cewa a sake cire shi don zanen na raina baƙi ne, da manyan leɓɓa da ɗan kunne. Ni ra'ayina a gyara zanen in ya cancanta amma kar a cire, tunda mun san su wane ne suka fara cire shi. Abin da nake so in gani shi ne allo a dandalin kasuwa kusa da gunkin Albert da Victoria ta je buɗewa a 1865, a rubuta sunan Louise da Juliane da Kwango a jiki, yaran makarantar da ake kaiwa wajen su karanta.