Gajiyar ma'aikatan laburare a jami'o'inmu ba lalaci ba ce

Ɗalibai sun saba yin ƙorafin cewa ma'aikacin laburare ya cika ɗaure fuska, yana amsa tambaya kamar an yi masa dole, kuma nan take sai a yanke masa hukuncin lalaci. A ganina an yi gaggawar wannan hukunci. Tun a shekarar 1974 masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya yi bayanin irin gajiyar da ke cinye masu hidimar jama'a, sannan a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da matsin wurin aiki ke haifarwa, mai alamomi uku: ƙarewar kuzari, fitar aiki daga ran mutum, da raguwar ƙwazo.

A jami'o'in Nijeriya, ƙwararren ma'aikacin laburare yana cikin rukunin malamai, saboda haka ba zai samu ƙarin girma ba sai ya wallafa maƙalu kamar kowane lakcara. Amma shi ne kuma zai zauna a teburin karɓar masu karatu, har da zaman dare da ƙarshen mako a lokacin jarrabawa, ya tsara sababbin littattafai, ya koya wa ɗalibai neman mujallu a intanet, sau da yawa babu wutar lantarki. Yaushe zai zauna ya yi bincike? An ɗora masa taura biyu, alhali wallafa maƙalu kawai kwamitin ƙarin girma yake ƙirgawa. Ƙananan ma'aikata masu jera littattafai a kanta kuwa, ba a ma cika tunawa da su ba.

Asusun TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, yana ba da kuɗin gine-gine da sayen littattafai, kuma ya cancanci yabo, sai dai ba ya biyan albashi. Shi ya sa ake ganin sabon gini mai hawa biyu a hannun tsofaffin ma'aikatan da suka rage bayan wasu sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba.

Taron bita na yini ɗaya kan kishin aiki ba zai gyara wannan ba. Tunda gwamnati ta amince da cire jami'o'i daga IPPIS, wato tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya da ya ɗaure musu hannu wajen ɗaukar ma'aikata, a Disambar 2023, ya kamata hukumomin gudanarwarsu su sa laburare a sahun gaba wajen ɗaukar ma'aikata, su kuma sa tsara littattafai da horar da ɗalibai cikin abubuwan da ake ba maki a lokacin ƙarin girma.