Ga mai auna 'yan wasa da ɗigo ɗaya

Akwai wani gwanin besbol, ba sai an kama suna ba, wanda duk ranar da aka tayar da zancen Ronald Acuña da Juan Soto na kakar 2018 sai ya zaro lamba biyu kamar mai nuna rasit: .293 da .292. Wai magana ta ƙare, Acuña ya fi iya bugu. To Malam, gyara zama a ƙirga maka.

Lambar nan da kake yawo da ita, wadda ake kira BA, bugun da ya ci ake rabawa da yawan shigar da aka ƙirga wa mutum. Acuña na Atlanta, 127 cikin 433. Soto na Washington a lokacin, 121 cikin 414. Da a ce ƙwallo ɗaya tak ta zille wa mai tsaron fili, Soto ya koma 122, da lissafinsa ya tashi .295, ya haye gaban mutuminka. Ƙwallo ɗaya a kaka guda! A kanta ake ta tayar da jijiyar wuya.

Ga inda gizo ke saƙar. In mai jifa ya kauce wa hurumin bugu sau huɗu, mai sanda kuma bai kai wa jifan hannu ba, sai ya taka zuwa tashar farko kyauta. Wannan ba ya shiga lissafinka ko kaɗan, sai ka ce mutumin bai fito fili ba. Soto ya samu irin haka sau 79, Acuña sau 45. Kuma ba dace ba ne, ido ne: yaro ɗan shekara 19, ƙwallo ta taho da gudun da ya haura mil 90 a awa, ta goce da faɗin yatsa biyu a gefen faranti, wato alamar hurumin bugu da ke ƙasa gaban mai sanda, ya danne zuciyarsa ya riƙe sandar. Manya da yawa sun yi ritaya ba su koyi wannan ba.

Shi ya sa waɗanda suka san kan abin suke duba OBP, wato sau nawa mutum ya isa tasha cikin yawan tsayuwarsa gaban mai jifa, ko ta bugu, ko ta kyauta, ko don ƙwallo ta same shi a jiki. Soto ya isa sau 200, Acuña 178, alhali tsayuwarsu gaban mai jifa kusan ɗaya ce, 494 da 487. Ka ga .406 da .366 ke nan. Tazarar ɗigo 40 ta wuce ka, ɗigo ɗaya ya tsone maka ido.

Abin dariyar, gwanin naka Acuña yana da hujjoji masu nauyi, kai ne ba ka san inda aka ajiye su ba. Bugun tsallake katanga 26 ya yi, Soto 22. Ƙarfin bugu, inda ake ƙirga yawan tashoshin da kowane bugu ya kai mutum, .552 gare shi, Soto .517. Satar tasha 16 da 5. In aka haɗa isa tasha da ƙarfin bugu, OPS ke nan, Soto .923, Acuña .917, kunnen doki kawai. Kyautar gwarzon sabon ɗan wasa na kakar kuwa Acuña ya ɗauka, masu ƙuri'a 27 cikin 30 suka sa shi a farko. Da waɗannan ka zo, da an ba ka kujera.

Amma fa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda ya tsargu, kafin ya sake liƙo mana hoton teburin alƙaluman 'yan wasan nan, ya duba da kyau: layin OBP shi ne maƙwabcin BA daga dama, daidai wurin da almakashinsa ke yankewa kullum.