Wuri1 da wuri2

Alhaji ba ya kiran sunana. "Injiniya" yake ce mini, kuma daga yadda ya ja kalmar nake gane ko ranar ta samu ce ko ta wahala. Buro ɗinmu yana hawa na biyu a unguwar Filato, nan Yamai. Sana'ar Alhaji albasa ce, ƴar Galmi, ana loda ta a manyan motoci zuwa Abijan da Akara da Lome. Ni kuma aikina in tabbatar ba takardar da ta ɓata: rasit, takardun duwan, hotunan lodi, na shekara shida cif, duk suna ajiye a wani rumbun Amazon da ake kira S3.

Ranar da na fara yi masa bayanin cewa takardunsa suna cikin gajimare, watan Afrilu ne, zafi kamar a soya ƙwai a kan bonet. Ya leƙa taga, sama fes.

"To gajimaren nan a ina yake?"

Na ce, "A Faransa, Alhaji. Wajen Faris injinan suke."

Ya gyaɗa kai. "Shi ya sa ba mu ganin ruwa."

Matsalar ta taso ne da aka kawo mana sabuwar manhaja wadda ba ta son S3. Ita so take a ba ta ma'ajiya irin ta cikin kwamfuta, mai jaka cikin jaka, wadda injina da yawa za su buɗe lokaci guda. Wannan shi ne EFS. Mai kwasar kaya daga wancan rumbu zuwa wannan kuma sunansa DataSync. Ka ɗauke shi kamar direban gingimari wanda ba ya tambaya. Ka nuna masa wurin lodi, ka nuna masa wurin sauke kaya, shi ke nan.

Ana iya yin duk wannan da danne-danne a allo cikin rabin awa. Amma akwai wata yarinya da ke koyon aiki a wurinmu, ɗalibar jami'a daga Harobanda, kullum sai ta ƙetaro gadar Kennedy da ƴar jakarta, kuma ina son ta san cewa a gaban manya take. Na ce da Terraform, manhajar da ake rubuta wa umarni ta gina tsarin da kanta, za mu rubuta komai, layi bayan layi, yadda ƙwararru ke yi.

Wurin EFS abu uku yake nema: dogon lambar shaidar ma'ajiyar da ake kira ARN, sai ɓangaren hanyar sadarwar da direban zai bi, sai rukunin tsaro, wato maigadin ƙofa. Na rubuta su. Na yi na S3, na ba shi izinin komai da komai da alamar tauraro, don ba ni da lokacin tantancewa. Da aka zo raɗa wa wuraren biyu suna, kasala ta sa na kira su wuri1 da wuri2. A riƙe wannan.

Na tayar da aikin, ya yi ta juyi, ya mutu. Wai ya kasa isa ma'ajiyar. Na sake, ya sake mutuwa. Kwana uku ina nan. Na ɗora laifi a kan intanet, na ɗauki akwatin wifi na ɗora kan firji, na sauke, na kai bakin taga. Na ɗora laifi a kan wuta da ke zuwa tana tafiya kamar baƙuwar kunya. Har zafi na zarga, na sa wa kwamfuta fanka ita kaɗai, ni ina gefe ina tsiyaya.

Rana ta uku yarinyar ta matso a hankali. "Shef, ka buɗe ƙofa 2049 kuwa?"

EFS da yaren NFS yake magana, kuma ta ƙofa 2049 yake karɓar baƙi. Maigadina na tsaye ya garƙame ta, direba yana ta sallama a waje kwana uku.

Na ce, "Ai na sani. Gwada ki nake in ga ko kina bin karatu."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin nata na san shi. Wata biyu kafin nan na kama ta ta kunna wani tsari a S3 da ke ajiye tsohon kwafin kowane fayil ko an goge shi. Na yi mata faɗa sosai, na ce kowane kwafi kuɗi ne, kuma kuɗin albasa ne, ba a bishiya Alhaji ke tsinko su ba, maza ta kashe. Ranar ma "to" ta ce.

Da ƙofa ta buɗe, na shiga EFS na ajiye ɗan fayil guda, gwaji.txt, don in tabbatar yana karɓa. Ya karɓa. Saura a haɗa wuraren biyu, a ce wannan ne mafari, wancan ne masauki. Yammacin Alhamis ne, wuta ta tafi, man janareta ya ƙare, batirin kwamfutata saura kashi 11. Akwai wani zaɓi mai hanya biyu: PRESERVE, wato duk abin da aka tarar a masauki a bar shi, ko REMOVE, wato duk abin da babu shi a mafari a share shi daga masauki, su zama tagwaye. Ni mai son tsabta na zaɓi REMOVE. Terraform ya zubo mini jerin abin da zai yi, kamar yadda ya saba, ya ce in na yarda in rubuta yes. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Wa ke karanta wannan da batiri kashi 11?

Na tayar da aikin, ya gama ba tare da kuskure ko ɗaya ba, alama kore shar. Na ɗan yi mamakin saurin, amma na ce ai injinan Turawa ne. Na rufe kwamfuta na wuce fada a Bukoki, na sayi kilishi na jika biyu na ajiye a tsakiyar tabarma. Har shayi na uku ina ba da labarin yadda na kwashe kayan shekara shida daga rumbu zuwa rumbu ban tashi daga kujera ba.

Juma'a da safe, ƙarfe tara.

"Injiniyaaa."

Mota ta maƙale a kan iyaka, direba yana neman kwafin wata takardar duwan, yanzu-yanzu, albasa ba ta jiran kowa cikin wannan rana. Alhaji ya zo ya tsaya a bayana, carbi a hannu, ƙamshin turarensa ya cika mini hanci. Na buɗe EFS da isa. Fayil ɗaya. Na ce a raina ba komai, tsohon rumbu na nan. Na buɗe S3.

Fayil ɗaya. gwaji.txt.

Cikina ya ɗuri ruwa. Ashe wuri2 na sa a mafari, wuri1 a masauki. Direba ya je sabon rumbu ya ɗauki ɗan fayil guda, ya kai tsohon rumbu, ya ga kaya jibge waɗanda babu su a inda ya fito, ya share su tas, da izinin tauraron da na ba shi da hannuna. Bai yi laifin komai ba. Abin da na ce shi ya yi.

Alhaji ya sunkuyo. "Buɗe wannan ɗin mu gani."

Na buɗe. A ciki an rubuta: "Bismillah, gwaji nake."

Ya karanta a fili, a hankali, sau biyu. Carbin ya tsaya.

Sai ga murya daga kusurwa. "Shef, ka gafarce ni, wancan abin da ka ce in kashe... ban kashe ba."

In tsarin nan yana kunne, gogewa a S3 ba gogewa ba ce. Alama kawai ake liƙa wa fayil cewa an goge shi, shi kuwa yana kwance a ƙasa lafiya lau. Ka cire alamar, ya dawo. Ta ja kujera, ta fara da takardar direba, cikin minti biyar ta tura masa ta WhatsApp. Sauran ta rubuta ɗan shiri yana cire alamomin dubu-dubu, don dubu ake iya yi a kira ɗaya. Ni aikina a wannan safiya shi ne riƙe mata fanka. Kafin a kira sallar Juma'a komai ya dawo mazauninsa.

Da la'asar na goge sunayen nan biyu, na sa daga_nan da zuwa_can, na mai da zaɓin PRESERVE, na karanta jerin Terraform tun daga sama har ƙasa da yatsa a kan allo kamar ɗan makarantar allo. Kwasar gaskiya ta ɗauki lokacinta, ba irin saurin jiya ba.

Litinin ina zaune na ji "Injiniya!" daga ofishin Alhaji. Na miƙe, ita ma ta ɗago kai. Ya leƙo, ya dube ni, ya dube ta, ya nuna ta da carbi.

"Ke nake kira. Kai kuma mai gwaji, ga dala ɗari, sauka ka samo mana ƙanƙara."