Ku daina sayar wa 'yan gwangwan injin wankin da bai mutu ba

Duk kun ga hoton nan da ke yawo tun jiya. Injin wanki mai baho biyu, ƙirar National, an kwantar da shi a bakin kasuwar Dambatta ana fasa shi da guduma don a zare jar wayar cikinsa. Laifinsa ɗaya, wai idan an kunna sai ya yi ta gurnani ba ya juyawa. Wallahi abin ya ƙona min rai. Injin da ke gurnani bai mutu ba. Sau da yawa kafasita ce kawai ta gaji, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa moto ya tashi, abin da bai fi cikin tafin hannu ba. Kamar mutum ya kai sansa mahauta ne don igiyar garma ta tsinke.

Tun 2008 kamfanin Matsushita ya koma Panasonic, aka ajiye sunan National. Wanda aka fasa jiya ba za a sake ƙera irinsa ba.

Jama'a, me ke cikin injin nan da har zai gagari gyara? Moto biyu ne, na wanki da na matsa. Kafasita ɗaya mai ɗaki biyu, bel ɗaya, giya a ƙarƙashin faifan da ke juya ruwa, taima biyu masu sifirin, na wanki minti 15, na matsa minti 5, sai robar da ke toshe hanyar ruwa. Shi ke nan. Babu fanel, wato allon lantarki mai sarrafa inji, babu kwamfuta.

Idan yana gurnani, zare filogi tukuna. Kwance murfin baya. Kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe, don haka a haɗa bakinta da sukundireba mai hannun roba ta sauke. Cire bel, ka juya fulin moto da hannu. In ya juya sumul, boris lafiya lau. Mai gyara zai mayar da wuta ya ɗan tura fulin da sanda, in moto ya ɗauka ya ci gaba da gudu, yawanci kafasita ce. Wani lokaci ma da ido za ka ga ta kumbura ko tana tsiyayar mai. A duba lambar jikinta, yawanci 10+5 ko 12+6, mai 450V, a sayo daidai ita. Kuma don Allah masu gyara ku daina sa babba wai don injin ya ƙara ƙarfi. Zai yi gudu na ɗan lokaci, kwayil ya yi ta zafi har ya ƙone, sannan ku ce wa mai gida ai dama tsoho ne. Ba tsufa ba ne, ku kuka kashe shi.

In moto na gudu faifai na tsaye, bel ne ya saki. Danna tsakiyarsa da yatsa, bai kamata ya lotsa fiye da santimita ɗaya ba. A sassauta notin moto, a ja baya, a ɗaure. In faifai na juyawa gefe ɗaya ba ya dawowa, bakin ƙarfen cikin taima ne ya ci wuta, a goge ko a canza taimar. In ruwa na zurarewa ta tiyo alhali an rufe, buɗe bawul ɗin, za ka tarar da maɓalli, ko fil, ko ƙwallon dabinon da aka manta a aljihu ya tokare robar. Wanne ne a cikin waɗannan ya kai a ɗauko guduma?

Ɓangaren matsa shi ne inda aka fi yin asara, kuma sakaci ne. A ƙarƙashin kwandon akwai roba mai lanƙwasa da ke hana ruwa sauka. Moton matsa yana zaune daidai ƙasanta a kan sifirin uku. Ranar da robar ta tsage, ruwan omo zai riƙa ɗiga kai tsaye a kan boris da kwayil. Alamar farko ƙara ce, ta biyu tsatsa a saman moton. Wanda ya canza robar a lokacin ya tsira, wanda ya ce bari sai an sayar da gyaɗa, moto zai saya. Haka wayar birki: rufe murfi ne ke jan ta ta saki birkin. In ta tsinke, birki na riƙe, moto na kokawa, mutum na tsaye yana murɗa taima har ƙauri ya tashi. Da ka ji gurnani a kashe, a duba.

Na san za a ce kayan gyara ba a samu. Ana samu. Kafasita, bel da taima suna nan a Sabon Gari, kuma yawancinsu na wannan kamfani na shiga na wancan. A tafi da tsohon a hannu a gwada, kar a yi aike da baki. Wani zai ce gara sabo mai sarrafa kansa. To a ƙauyen da ake ɗebo ruwa a jarka daga burtsatse, wane famfo ne zai tura masa ruwa? Ga fanel da ba ya jure wuta mai hawa da sauka. Mai baho biyu kuwa bokiti ya ishe shi, in wuta ta ɗauke a tsakiya, ta dawo sai a sake murɗa taima ya ci gaba. Ruwan da aka wanke fararen kaya da shi a wanke masu duhu. Injin da ya dace da mu ke nan, shi kuma muke fasawa.

Abin da ke kashe su a wajenmu sananne ne. Wuta ta zo ba ƙarfi, ƙwai ya yi ja, a kunna injin a haka. Moto ya kasa tashi ya yi ta shan zafi. A jona shi da ƙaramin jannareto tare da firji, alhali lokacin tashi yana jan wuta ninkin abin da yake ci yana gudu. A danna bargo da zannuwan gado a injin kilo 6. A zuba ruwan rijiya da yashinsa, yashin ya cinye sil ɗin giya. Tace ruwan da ƙyalle ba ya ɗaukar minti biyu. A bar shi a tsakar gida rana ta busar da robarsa ta fara tsagewa. Ga ɓera, wanda ke shiga ta ƙasa ya gwaguye wayoyi, shi ya sa ake son a ɗora injin a kan dakali a toshe ƙasan da raga. Wanda kuma ya sayo na gwanjo ya karanta takardar bayansa: na kasuwar Japan 100V ne, wutarmu 230V. Ba taransifoma, daƙiƙa kaɗan ya isa.

Sannan maganar da ta fi damuna ma ba ta injin ba ce. Gidaje nawa ne ke da wayar at, wato wayar da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa? Yarinya na tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti, hannunta cikin ruwa, soket na rataye da waya biyu tsirara, wai injin yana ɗan ja. Babu ɗan ja a wuta. Alhaji, a samo mai wayarin ya kafa ƙarfen at a ƙasa mai damshi, a sa filogi mai baki uku, a ɗaga soket sama da inda ruwa ke fallatsa. Kafin a yi hakan, kar kowa ya sa hannu a baho sai an zare filogi.