Ƙannena masu aikin faiba, ku riƙa sa wa layi suna

Assalamu alaikum ƙannena da kuka shigo aikin sadarwa. Akwai wani ɗan gurbi a saitin fot (ƙofar da ake jona layi) na na'urorin SDH da OTN (tsare-tsaren tura bayanai ta faiba) da yawancinku ke tsallakewa, wato inda ake rubuta sunan layi. Wasu su bar shi fayau, wasu su bar abin da na'ura ta zo da shi daga kamfani. Don Allah ku daina.

A SDH, gurabun sunan su ne J0, J1 da J2. J0 na ɗauke da sunan zangon da ke tsakanin na'ura da maƙwabciyarta. J1 na bin VC-4, wato babban ƙunshin bayanai, daga inda ya taso har inda zai sauka, J2 kuma na ƙananan layuka ne irin VC-12, ƙaramin ƙunshin da ke ɗauke da layin E1. Za ka rubuta sunan da kake aikawa, ka rubuta wanda kake jira daga can. In wanda ya iso ya saɓa, sai ƙararrawar TIM, wato ta saɓanin suna, ta tashi. Tamkar sunan da ake rubutawa a jikin buhu ne a tashar mota.

Ku duba abin da ke faruwa in masu aikin titi suka tsinke faiba. Ana haɗa silaye cikin dare da tocila, mutum a gajiye, biyu su yi musanya. Haske ya dawo, ƙararrawar LOS ta rashin haske ta kau, fitila ta koma kore, kowa ya naɗe kayansa. Alhali kayan Zariya sun nufi wani gari daban. Haske bai san mai shi ba, sunan nan ne zai tona. Haka in ka ga sunanka ya dawo maka, to wani ya manta luf a hanya, wato haɗin gwaji da ke mayar da layi inda ya fito.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda TIM ta dame shi, sai ya kwafi sunan da ya iso ya liƙa a gurbin wanda ake jira, ba tare da ya kira ɗaya ɓangaren ba. Ƙararrawa ta yi shiru, matsala na nan daram, kuma layin amanar mutane ce.

Ku kula da tsawo. Tsarin G.707, ƙa'idar SDH, mai bayit 16 haruffa 15 kawai yake ba ka, ɗaya na CRC-7 ne, mai gano kuskure. SONET, takwarar SDH ta Amurka, ta saba da bayit 64. In na'urorin ba na kamfani ɗaya ba ne, nan ake yawan samun saɓani, har babban baƙi da ƙarami ko tazara ɗaya a ƙarshe na iya tayar da TIM. A OTN kuwa gurbin sunan, TTI, bayit 64 ne, a cikinsa akwai SAPI na sunan mafari da DAPI na sunan masauki.

In layi na ɗauke da kaya, kada ka taɓa suna sai ka fara kashe tura AIS (alamar matsala da ke maye gurbin kayan layi) a kan TIM, in ba haka ba kai da hannunka za ka katse shi. Ku daidaita ɓangarorin biyu ta waya, kowa ya karanto abin da yake gani, sannan ka mayar da saitin, ka shigar da sunan a takardar layin.